Takalmin Bassu a Bakin Rami

A dutsenmu, in mutum zai shiga rami sai ya cire takalminsa ya ajiye a baki. Da rarrafe ake shiga, takalmi ba ya yi wa mai rarrafe amfanin komai, sannan duk wanda ya zo wucewa ya ga ƙafa biyu a ajiye ya san akwai rai a ciki. In kuwa ƙafa ɗaya ce aka danne da dutse, to mai ramin ya yi tafiya, amma ramin nasa ne, ba a shiga. Ba wanda ya rubuta wannan doka, kuma ban taɓa ganin wanda ya karya ta a gaban mutane ba.

Bassu sa'ana ne. Tare muka yi kiwon awaki a hamadar bayan Tawuz, tare muka ga fari ya cinye dabbobin iyayenmu, tare muka hau dutsen Kemkem da diga a kafaɗa muna 'yan shekara ashirin. Haƙora muke haƙowa, na manyan dabbobin nan da suka ƙare tun ba a yi ɗan Adam ba. 'Yan kasuwar Arfud su saya, su haɗa da haƙoran dodannin teku da ake kawo musu daga arewa, su sayar wa Turawa masu jera su a gilashi. Wani Bature ya taɓa nuna wa Bassu hoton dabbar da ya fi samun haƙoranta, mai bakin kada, tsawonta ya fi na babbar mota. Bassu ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Wannan ko sadaka aka ba ni ba na kiwo."

Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana. In ya tsinci abu a ƙasa sai ya ɗora a harshe, in ya manne ƙashi ne, in bai manne ba ya jefar. Mu sauran, in haƙori ya karye gida uku, mukan haɗa shi da gam da yashi, har mu aro masa tsini daga wani haƙorin. Bassu ba ya yi. Yadda ƙasa ta ba shi haka yake miƙa wa ɗan kasuwa, shi ya sa har gemunsa ya yi fari yana kan tsohon keke. Matarsa Tuda, wadda muke kira Lalla Tuda don girmamawa, ita ce ke goge haƙoran da ya haƙo a tsakar gida, da basilla da tsohon burushi. Taurin kansa ya sha ba ni haushi, don mutum irinsa ko bai buɗe baki ba sai ka ji kamar da kai yake.

Shekara tara kafin ranar da zan ba da labarinta, Bassu ya buɗe rami shi kaɗai a wani tsinin dutse da muke kira Hancin Raƙumi, inda ƙasar take da koren laka maimakon jan yashin da muka saba. Kwana ashirin ina ganin takalminsa a baki tun safe har yamma, ko shayin rana ba ya fitowa sha. Na san ya ga wani abu. Sai aka aiko mahaifiyarsa ba lafiya a Risani, ya danne takalmi ɗaya da dutse ya tafi jinya.

Ban shiga raminsa ba, wannan zan iya rantsewa a kai. Zagayawa na yi ta ɗaya gefen Hancin, na buɗe nawa a bayan wani ƙaton dutse, na yi ta ci har na iso bayan bangonsa. Abin da na tarar muƙamuƙin dabbar ne na ƙasa, tsawon hannuna, haƙora goma sha ɗaya a jere ba wanda ya karye. Na cire shi, na cusa yashi a gurbin, na toshe bakin ramina da duwatsu. Na ce wa mutane can wajen iyakar ƙasa na samo shi. Babur ɗina na farko daga nan ya fito.

Bassu ya dawo bayan ya binne mahaifiyarsa. Ya shiga ramin, ya fito, ya ɗauki takalminsa, bai sake komawa wurin ba. Ranar da na kawo babur ya zagaya shi sau ɗaya, ya shafa sirdin, ya ce, "Allah ya tsare hanya, Haddu." Muka ci gaba da shan shayi a buta ɗaya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bara, cikin watan Maris, aka yi ruwa kwana biyu a jere, abin da mukan yi shekara uku ba mu gani ba. Ruwa a wurinmu alheri ne ga mai dabino, ga mai rami kuwa tashin hankali ne, don rufi kan jiƙe ya yi nauyi. Baba Ishu, dattijon da ya fi kowa daɗewa a dutsen, ya ce kada wanda ya shiga sai an yi mako. Kwana huɗu muka iya daurewa, kowa ya koma raminsa.

Da azahar mukan fito mu taru a inuwar wani dutse, a yi salla, kowa ya kwance gurasarsa da dabino. Baba Ishu ƙura ta ci huhunsa, ya daina shiga rami, shi ke dafa shayi, shi ke ƙirga kawuna. Ran nan ya ɗaga buta ya duba mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina Bassu?"

"Yana can yana lasar duwatsu," in ji Addi, wani ƙaton mahaƙi da bakinsa ba ya hutawa. "Ku bar shi, ya ƙoshi."

Aka yi dariya, aka sha kofin farko. Da aka zuba na biyu Baba Ishu ya ce, "Addi, tashi ka kira shi. Bassu ba ya wuce salla."

Addi ya tafi yana gunaguni. Da ya dawo da gudu ya dawo, gwiwoyinsa duk yashi.

"Baba, takalminsa na nan a baki. Ramin ya rufta, kamar kamu goma sha biyar daga waje."

Ba wanda ya tsaya ɗaukar kofinsa. Mutum ɗaya ya hau babur ya nufi tudun da ake samun layin waya, ko da yake mun san kafin taimako ya zo daga gari sai awa uku, kuma ba injin da zai hau inda muke. Wani ya gangara ƙauye ya gaya wa Tuda. Mu kuma muka yi abin da aka saba: mutum ɗaya ya kwanta a gaba yana yaƙuto ƙasa da ƙaramin shebur, ya cika buhu, a jawo da igiya. Ba a sa diga, ba a shiga fiye da biyu. Bayan kowane buhu biyar a yi shiru, a buga guduma a bango sau uku, a kasa kunne.

Ni na fara shiga, don na fi su ƙaramin jiki. Tocilar goshina ta haska mini abin da bai kwanta mini a rai ba. Ba sabon sawun gwiwa a ƙasa. Akwai yanar gizo-gizo a gefen rufi, ga ƙasar da ta zubo har ta bushe ta yi ɓawo. Na ga duk wannan, na ce wa kaina firgici ne ke sa ni gane-gane. Na buga guduma, ba amsa.

Da na fito shan iska na tarar da Tuda ta iso. Mata ba sa hawa dutsen nan, amma ga ta tsaye tana haki, da wani gwangwani a hannu. Ba kuka take yi ba. Takalmin take kallo, irin na taya da muke sawa duka, an jera su kusa da juna.

"Baba Ishu, ba ya cikin wannan ramin," ta ce.

"Lalla Tuda, ki yi haƙuri ki zauna a inuwa. Ga takalminsa kina gani."

"Na ga takalmi. Ni ƙafar na sani. Kwana goma sha biyu ina shafa masa mai a tafin ƙafa, duk ya tsattsage. Mai yawo da takalmi ba ya yin haka. Ajiye su yake yi nan ya tafi wani wuri."

"Haba, Lalla," in ji Addi, "wane mahaukaci ne zai yi haka?"

Ta buɗe gwangwanin ta zazzage a tafin hannun Baba Ishu. Haƙora huɗu ne da ba a goge ba tukuna.

"Shekara ashirin da biyar ina goge haƙoran wannan gefen dutsen, yashinsu ja ne. Wannan fa? Na tambaye shi, ya ce in yi aikina in bar shi da nasa."

Koren laka ne manne a jikinsu. Inda aka sami muƙamuƙi, sauran kan ba ya nisa, wannan kowane mahaƙi ya sani, ni ma na daɗe ina tunaninsa, tsoro ne ya hana ni komawa. Bassu ya koma Hancin Raƙumi. Yana haƙa a jikin bangon da na rarake ta baya, bai san iyakar inda na ci ba.

Koren laka akwai shi a wuri biyar ko shida a dutsen, sai gardama ta tashi, wannan ya ce nan, wancan ya ce can. Baba Ishu ya tuna Bassu ya taɓa yin rami a Hancin, ya tura mutum biyu su dubo, tafiyar rabin awa ce a ƙasa don babur ba ya bi. Sannan ya juyo gare ni.

"Haddu, kai ka shiga. Me ka gani?"

A nan ne ya kamata in yi magana. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, mu ci gaba da nan kafin su dawo. Takalmi dai ga shi."

Na koma cikin ramin da na san ba kowa, na kwanta ina cika buhu. Ina roƙon Allah su tarar da bakin ramin Hancin a buɗe, su jawo shi ta hanyarsa, kada a kai ga tawa. Ina cika buhu ina ƙin kaina. Awa guda na yi a haka, kuma wannan awar ba wanda ya ɗora mini ita, ni na zaɓa.

Da aka ja igiyar ƙafata na fito, 'yan aiken sun dawo. Sun ga sawun ƙafa ba takalmi, sun ga gorar ruwansa da ƙullin gurasarsa a ƙarƙashin dutse. Bakin ramin kuwa babu shi. Gefen Hancin ne gaba ɗaya ya zame ya rufe shi.

Muka kwashi kaya muka ruga. La'asar ta yi lokacin da muka isa. Duwatsun da suka gangaro wasu sun kai girman ɗaki, mu goma sha biyu ne da shebur da igiya. Addi ya sa kafaɗa a jikin ɗaya, mutum uku suka taya shi, ko motsi bai yi ba. Baba Ishu ya buga guduma ya manna kunne, ya daɗe a haka kafin ya ɗago.

"Kwana nawa?" Tuda ta tambaye shi.

"In da inji, biyu."

"Iskar da ke ciki fa?"

Baba Ishu ya kawar da kai. Sai ta juyo, ta tsallake kowa da ido ta tsaya a kaina. Ban san abin da mijinta ya gaya mata a shekara tara ba, har yau ban sani ba.

"Haddu, kai ne abokinsa tun kuna kiwo. Kai ba ka da abin cewa?"

Na ce, "Akwai wata hanya. Ta baya."

"Wace hanya?" in ji Addi. "Ba wanda ya taɓa haƙa ta baya."

"Ni na haƙa. Tana kaiwa har bayan bangonsa."

Na ga yadda maganar ke shiga kawunansu ɗaya bayan ɗaya. Addi ne ya fara kaiwa ƙarshenta.

"Muƙamuƙin nan na iyaka. Babur ɗin nan. Kai, amma kai ɗan..."

"Addi," Baba Ishu ya katse shi, "wannan akwai ranarta. Haddu, wuce gaba."

Duwatsun da na toshe bakin da su suna nan yadda na jera su. Muka kwashe, aka ɗaura mini igiya a ƙafa, na shiga da guduma da kwanon shan ruwa. Ramin ɓarawo ne, ƙunci gare shi, a gaggauce na haƙa shi ban bar masa ginshiƙi ko ɗaya ba. Rufin yana tsattsafo da ruwa, yashi na zubo mini a wuya kaɗan kaɗan. Duk mahaƙi ya san in yashi ya fara zuba haka, fita ake yi. Na ci gaba da jan ciki.

Kamu talatin na iso yashin da na cusa da hannuna. Na buga bango sau uku, na riƙe numfashi. Shiru. Na sake bugawa. Sai na ji ƙwas, can ƙasa-ƙasa, aka daɗe, ƙwas, sannan na uku. Na juya kai na yi ihu ta bayana cewa yana da rai, na ji Addi ya karɓa ya miƙa waje.

Da kwano na yi ta kwasa, da farce inda kwano ya ƙi. Ban san buhu nawa aka ja ba. Can hannuna ya faɗa cikin sarari, wata iska mai ɗumi da wari ta bugo ni, sai yatsu suka kama wuyan hannuna.

"Haddu ne?" Muryar kamar ta tsoho.

"Ni ne. Yaya aka yi ka sani?"

"Wa ya san hanyar nan in ba kai ba?" Ya yi tari ya huta. "Tun hantsi nake kwance ina cewa, ko zai zo, ko ba zai zo ba. Ka daɗe."

Na faɗaɗa ƙofar na tura masa gorar ruwa, na haska. Yana kwance a gefensa, wani falalen dutse ya danne ƙafarsa ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Sama da kansa kaɗan, a jikin ɗan bangon da ya rage, ga haƙora jere cikin koren laka, kowanne ya kai tsawon yatsana, ga ramin ido a bayansu.

"Ka gan shi?" ya ce.

"Na gani."

"Kada ka taɓa shi. Shi ke riƙe da rufin."

Aka turo mini jak ɗin mota da katako biyu da aka ɓalle daga baro. Addi da duk girmansa ya kutso har bayana, kafaɗunsa na goge bango, ya riƙe mini tocila. Na kafa jak a ƙarƙashin falalen ina murɗawa a hankali. Kowace murɗa sai rufi ya yi ƙara, yashi ya zubo, mu tsaya mu saurara. Bassu ya cusa rawaninsa a baki ya cije. Da dutsen ya ɗaga kamar faɗin yatsa uku na zura masa igiya a hammata, Addi ya ja da baya, ni ina tallafe da ƙafar. Ba zan faɗi yadda ƙafar take ba.

Rana na gab da faɗuwa muka fito da shi. Tuda ta durƙusa ta share masa laka daga fuska da gefen mayafinta, ta ce, "Sai ka sake ce mini in yi aikina." A nan ne ta fashe da kuka.

A asibitin gari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce ta daɗe a ƙarƙashin dutse. Ban tambaye shi ko awa guda za ta canza wani abu ba, don ina tsoron amsar kowace iri ce.

Ranar da Baba Ishu ya ce akwai ta, ta zo. Ba a kore ni daga dutsen ba, amma yanzu butata daban, inuwata daban. Bassu kuwa ya koma tsakar gida kusa da Tuda, yana goge haƙoran wasu da basilla. Tana cewa aikinsa ba sauri, sai ya lashi kowane ɗaya tukuna.

Wata biyu na yi kafin in iya zuwa gaishe shi. Na same shi a kan tabarma, sandarsa a jingine. Tuda ta ajiye mana shayi ta shige ɗaki ba ta dube ni ba. Muka sha kofin farko.

"Bassu," na ce, "me ya kai ka ajiye takalmi a ramin da ba ka ciki? Ka kusa kashe kanka."

Ya juya kofin a hannunsa. "Mutum goma sha huɗu ne a dutsen nan, Haddu. Ban ɓoye wa kowa ba sai kai."

Ya miƙa hannu bayansa ya jawo takalmi, na hagu, ya ajiye a gabana.

"Ungo, ba ni da ƙafar da zan sa masa. Kai shi Hancin Raƙumi ka danne da dutse."

"Ai bakin raminka ya rufe."

"A bakin naka za ka sa. Ta nan ake shiga yanzu."

Da la'asar na kai shi da hannuna, na zaɓi dutse mai nauyi na ɗora. Yana nan har yau, kan dabbar ma yana ciki.